Shamuwa, Taurari da Ma'aunin Ruwa: Sharhi a kan Alamun Damina a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Duk shekara, idan hunturu ya ja jiki, zafin bazara ya kankama har mutane suka ƙaurace wa ɗakuna suna kwana a tsakar gida, akwai wata muhawara da takan taso a zaurukan Tambuwal da Dogon Daji da Jabo, da garuruwan kusa da gulbi irin su Kebbe da Kuchi, wadda har yau ba a rufe babinta ba, ita ce ko ya halatta, kuma ko yana da wata fa'ida, mutum ya dubi tsuntsu ko itace ko tauraro ya ce ruwa ya kusa. Dattijon manomi yakan ce ya ga shamuwa ta sauka a kan tsamiya, saboda haka a fito da iri. Ɗalibin ilimi yakan tsorata, ya ce wannan kutsawa ce cikin gaibu. Wanda ya yi boko kuwa sai ya kira abin duka camfi, ya ce a jira sanarwar rediyo. Asalin ruɗanin shi ne an tattara abubuwa huɗu mabambanta an sa musu suna ɗaya, alhali kuwa hukuncinsu a shari'a da ƙarfinsu a hankali ba ɗaya ba ne.

Bayanin kalmomi

Abu na farko shi ne alama, wato wani hali da ake gani a iska ko tsiro ko dabba, wanda yawan maimaituwa ya nuna cewa galibi wani hali yakan biyo bayansa, kamar yadda hayaƙi yake nuni ga wuta. Na biyu shi ne hisabi, kalmar Larabci mai ma'anar lissafi, kuma a nan ana nufin ƙirgen kwanakin shekarar rana ta hanyar manzilolin taurari. Manzili kuwa masauki ne, domin Larabawa sun kasa hanyar wata a sararin sama zuwa masaukai 28. Na uku shi ne tanjimi, daga najmu, wato tauraro, shi ne da'awar cewa taurari suna da tasiri a kan arziki da ajali da saukar ruwa, kuma mai dubansu yana iya sanin abin da ke ɓoye. Wannan ɗan'uwan bugun ƙasa ne da sauran nau'o'in duba. Na huɗu shi ne hasashen yanayi irin na hukuma, wanda ake ginawa a kan awon zafi da laima da ƙarfin iska da hotunan tauraron ɗan'adam. Laima a nan tana nufin damshin da iska ke ɗauke da shi, milimita kuwa ita ce ma'aunin zurfin ruwan da ya sauka, ta yadda milimita ɗaya take daidai da lita ɗaya a kan fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya.

Dalilin da ya sa mas'alar ta yi nauyi a wannan ƙasa

Tambuwal, wadda tarihinta yake haɗe da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu tun zamanin da ake kafa ribaɗoɗi, tana kudu maso yamma da birnin Sakkwato a kan hanyar Jega, Kebbe kuma tana kudu da ita ta wajen Gulbin Zamfara. Saboda wannan matsayi damina takan riga sauka a nan kafin ta kai Gwadabawa ko Illela, ruwan kuma yakan fi na birnin Sakkwato yawa, inda a shekara ta tsaka-tsaki ba a cika haura milimita 700 ba. Amma duk da wannan falala, abincin shekara ɗungum yana rataye ne a kan watanni huɗu ko biyar, kuma mafi hatsarin kwanakinsu su ne na farko, domin ruwan fari yana iya sauka ya jiƙa ƙasa, manomi ya ɗauki sungumi ya shuka gero, tsiro ya fito, sa'an nan sama ta ɗauke har kwana ashirin, yabanya ta ƙone, a koma neman wani irin a lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma hatsi ya yi tsada a kasuwa. Wanda ya yi binne, wato ya zuba iri a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa, shi ma kasada ya yi, don yayyafi kaɗan yana iya ruɓar da irin ba tare da ya tsirar da shi ba. Wanda kuma ya yi jinkiri don tsoro, sai damina ta ƙare dawarsa ba ta nuna ba. Mutanen da kakanninsu suka ga yunwar Kakalaba ta 1914, iyayensu suka ga farin 1973 da na 1984, ba za a zarge su ba idan suka zuba wa sama ido suna neman ko da ƙanƙanin labari.

Alamun da ake karantawa, da abin da ke ƙarƙashinsu

Mafi ƙarfin alamu duka ita ce juyawar iska, kuma a kanta ne ilimin dattawa da na masana yanayi suka yi ittifaƙi ba tare da sun yi shawara ba. A lokacin ɗari iska tana busowa daga arewa maso gabas, busasshiya, ɗauke da hazon da mafi yawansa yake tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi. Idan bazara ta yi nisa sai wata iska mai damshi ta fara shigowa daga kudu maso yamma, daga tekun Atilantika, tana tura waccan zuwa arewa, kuma ruwa ba ya kankama a wani wuri sai iyakar da ke tsakanin iskokin biyu ta wuce shi da tazara mai yawa. Manomi bai san sunan wannan iyaka ba, amma yana jin wucewarta a jikinsa: kaushi da tsagewar leɓe sun daina, gumi ya ƙi bushewa, gishiri ya fara damshi a cikin ƙwarya, fatar ganga ta saki, ruwan randa ya rage sanyi saboda iska ta daina shan gumin da ke tsattsafowa a bayanta. Duk waɗannan awon laima ne, sai dai an yi shi ba da na'ura ba.

Shamuwa ita ce alamar da ta fi shahara, har ta sami wata alfarma da sauran tsuntsaye ba su samu ba, don ba a jifarta, ba a taɓa sheƙarta, ana ma murna idan ta zaɓi itacen gidan mutum. Haƙiƙanin al'amarinta shi ne tsuntsuwa ce mai ƙaura, wadda take cin rani a gabashi da kudancin Afirka lokacin da ake damina a can, sa'an nan ta dawo ƙasashenmu ta yi ƙwai, tana bin fara da tsutsotsin da sabon ruwa ke fitarwa. Zuwanta shaida ce cewa damina tana tafe daga kudu, kuma shaida ce mai kyau. Amma ba ta faɗin ranar da ruwa zai sauka, balle ta faɗi ko zai ɗore, kuma akan yi shekarar da za ta gama gina sheƙa ta zauna tana haki cikin zafi tare da masu jiranta.

Itatuwa suna da nasu harshe. Kuka takan yi sabon ganye, tsamiya ta yi toho, tun kafin ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa, gawo kuwa, wanda ya saɓa wa sauran itatuwa, sai ya fara kakkaɓe ganyensa daidai lokacin da kowa ke tufatuwa. Wannan ma yana da tushe, domin itace yana amsa tsawon yini da hauhawar zafi da damshin iska, waɗanda su ne masu share wa damina fage. Inda hujja take raunana shi ne inda aka ce yawan 'ya'yan kanya ko ɗorawa ko kaɗanya yana nuna yadda damina mai zuwa za ta kasance, saboda abin da itace ya haifa bana ya fi dogara ga ruwan da saiwarsa ta sha bara. Labarin jiya yake bayarwa, ana ɗaukarsa na gobe. Haka nan zancen da ake yi cewa tsananin sanyin hunturu yana jawo damina mai albarka: magana ce mai daɗin ji ga wanda sanyi ya dama, amma shekarun da ta gaskata ake tunawa, waɗanda ta saɓa kuwa a manta da su.

Akwai kuma alamun kusa, na yini ɗaya ko na sa'o'i: tururuwa tana kwashe ƙwayayenta zuwa tudu, tsattsewa tana shawagi ƙasa-ƙasa saboda ƙwarin da take ci sun sauko, kwaɗi sun cika fadama da kuka, zafi ya yi nauyi iska ta tsaya cik, sa'an nan gabas ta yi baƙi. Wannan na ƙarshe kusan yaƙini ne, domin manyan hadurran ƙasashen nan daga gabas suke tafiya zuwa yamma, guguwa a gaba ruwa a baya, shi ya sa macen da ta shanya hatsi gabas take duba, ba ta damu da gajimaren da ya riga ya wuce yamma ba. Amma fitowar shinge da ƙadandoniya bayan ruwa take zuwa, shaidar jiƙewar ƙasa ce. Batun bakan gizo kuwa, da ake ce masa masharuwa wai yana shanye hadari, ragowar tsohon imani ne na zamanin maguzanci. Yakan bayyana ne idan hasken rana ya ratsa ɗigon ruwa, kuma sau da yawa hakan yana dacewa da watsewar hadari, sai aka ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Taurari ashirin da takwas

Da yake shekarar Hijira ta wata ce, mai kwana 354, tana gaza shekarar rana da kimanin kwana 11, ba ta iya zama ma'aunin shuka da girbi, don watan Rajab da ya zo cikin marka a wani zamani zai zo cikin hunturu a wani. Saboda haka malaman ƙasar Hausa suka riƙi lissafin manziloli tare da watannin ajami, waɗanda a yanzu suke bayan kalandar gwamnati da kwana 13, suka ba kowane fasali taurari bakwai, kowane tauraro kwana 13, in ban da Jabha mai 14, jimla 365. Bazara tana ƙarewa da Buɗaina da Surayya, wadda Hausawa ke kira kaza da 'ya'yanta, da Dabaran. Damina tana da Haƙ'a da Han'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha da Harsan. Kaka kuma tana buɗewa da Sarfa. Manomin da bai taɓa buɗe littafi ba yakan tambayi liman ko wane tauraro ake ciki, don ya san ko ruwan da ya sauka na bazara ne mai yaudara ko na shuka ne, ko kuma lokacin saka wake a tsakanin gero ya yi.

Abin lura a nan shi ne galibin masu wannan lissafi ba sa fita da dare su dubi sama. Kwanaki suke ƙirgawa, sunayen taurari kuwa sun zama kamar sunayen makonni. Kalanda ce ta noma, kuma fa'idarta ita ce tana tsare mutum daga gaggawa. Iyakarta kuma a bayyane take: tana faɗin lokacin da aka saba samun ruwa, ba ta san abin da ya keɓanci bana ba, kuma lissafi ɗaya ne ake yi a Yawuri da Tambuwal da Ƙonni alhali damina ba rana ɗaya take isa gare su ba.

Matsayin shari'a

Masu tsoron wannan babi suna da hujja wadda ba a raina ta. Ƙarshen Suratu Luƙman ya sanya saukar da ruwa cikin abubuwan da Allah Ya keɓanta da su, kuma hadisin Zaidu ɗan Khalid al-Juhani, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Buhari da Muslim ma suka ruwaito, ya ba da labarin asubar da aka wayi gari da ruwa a Hudaibiyya, inda aka bayyana cewa wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah shi ne mumini, wanda kuwa ya jingina shi ga tauraro ya kafirce wa Ubangijinsa. Malaman jihadi sun tsananta a kan masu duba, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma yana da talifi na musamman na gargaɗi game da masu rufa-ido da masu duban taurari.

Sai dai malamai tun da daɗewa sun rarrabe tsakanin mai cewa tauraro ne ya saukar da ruwa da mai cewa an yi ruwa a lokacin tauraro kaza, kuma Imamu Shafi'i ya yi wannan tafsili a sarari, cewa na biyun kamar mai ambaton wata ne ko fasali. Alƙur'ani da kansa, a Suratul A'araf, ya siffanta iskoki da cewa masu bushara ne gabanin rahama, bushara kuwa ba ta da ma'ana idan an hana a fahimce ta. A cikin babin Muwaɗɗa da hadisin Zaidu yake ciki kuma akwai wani asari da yake siffanta girgijen da ya taso ta wajen teku ya karkata wajen Sham da yawan ruwa. Mabuɗin mas'alar yana cikin darasin da kowane almajirin tauhidi ya karanta a sharhin Ummul Barahina na Shaihu Sanusi, inda aka kasa hukunci uku, na shari'a da na hankali da na al'ada, aka ce na al'ada shi ne tabbatar da alaƙa tsakanin abu da abu saboda maimaituwa, tare da yarda cewa alaƙar tana iya saɓawa, kuma ɗayansu ba shi da tasiri a kan ɗayan da kansa. Shamuwa da damina haka suke. Wanda ya ce ya ga alama, yana zaton ruwa in Allah Ya so, bai fita daga wannan da'ira ba. Wanda ya karɓi kuɗi ya yanke cewa ranar kaza za a yi ruwa don ya buga ƙasa, ko ya ce zai ɗaure hadari saboda biki, shi ne ya faɗa inda aka hana. Kuma al'ummar da take karanta alamu ita ce dai take fita filin idi roƙon ruwa idan fari ya yi tsanani, ba ta taɓa ganin karo tsakanin biyun ba.

Misali daga tsibirin Ayalan

Ba Hausawa kaɗai ke da wannan gado ba. Mutanen Ayalan, tsibirin da ke yamma da Ingila, manoma ne da masunta, sai dai damuwarsu kishiyar tamu ce, don su ranar da ruwa zai ɗauke suke nema su busar da ciyawar dabbobi ko su shiga teku. Suna cewa idan tsattsewa ta yi ƙasa, ko tsuntsayen teku suka shigo tudu, ko gishiri ya yi damshi, ko kunkunniya ta faɗo daga bututun hayaƙi, ko wata ya yi kewaye, ko duwatsu masu nisa suka zama kamar kusa, to ruwa na tafe. Jan sama da almuru kuwa alamar wayewar gari lafiya ce. Suna da na kwanaki ma: wai idan ranar 1 ga Fabrairu ta yi kyau sanyi zai daɗe, idan kuma aka yi ruwa ranar 15 ga Yuli zai yi kwana arba'in yana zuba, zancen da awon ruwa bai gaskata ba.

Darasi biyu ne a nan. Na farko, alama 'yar ƙasarta ce: jan sama da yamma yana da ma'ana a Ayalan saboda yanayinsu daga yamma yake zuwa, daga teku, amma a Kebbe, inda hadari ke tasowa daga gabas, ba ya ɗauke da wannan labari, tsattsewa da gishiri kuwa sun yi daidai a ƙasashen biyu saboda sababinsu ɗaya ne. Na biyu ya fi muhimmanci. Hukumar tattara al'adun gargajiya da suka kafa a 1935 ta sa yaran firamare sama da 50,000 daga makarantu kimanin 5,000, tsakanin 1937 da 1939, su tambayi iyaye da kakanni su rubuta abin da suka ji, har aka tara sama da shafi 700,000, alamun yanayi suna cikin babukan da aka tambaya, kuma ana ajiye da su a jami'a a birnin Dublin. Sun yi haka ne daidai lokacin da suka kafa hukumarsu ta awon yanayi a 1936, ba su ga cewa ɗayan yana kore ɗayan ba.

Hasashen hukuma da iyakarsa

Hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, wadda dokar 2003 ta kafa, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana faɗin lokacin da ake zaton faruwarta da ƙarewarta da yawan ruwanta da tsawon ɗaukewar da za a iya samu a tsakani, cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974 kuma tana yin irin wannan aiki ga ƙasashen Sahel. Fifikonsu a kan dattijon ƙauye shi ne suna ganin abin da ba ya gani, musamman zafin ruwan tekuna masu nisa, wanda bincike ya nuna yana da hannu a farin shekarun 1970 da 1980. Rauninsu kuma shi ne tashoshin awo sun yi ƙaranci, ruwan ƙasar nan kuwa mai zaɓe ne, yana iya cika kwalbatocin Sanyinna ya bar Jabo da ƙura. Kuma suna magana da harshen rinjayen zato, mai sauraro yana ji da kunnen yaƙini, idan abin ya saɓa sau ɗaya sai ya yanke ƙauna. Ta fuskar hukunci, hasashensu da alamar shamuwa jinsi ɗaya ne, duka hukuncin al'ada ne, sai dai ɗaya ya fi faɗin gani, ɗayan ya fi sanin gonar da ake magana a kanta.

Abin da ake jin tsoro, da abin da ake iya yi

Dattawa da kansu suna ƙorafin cewa alamu sun fara ruɗewa, kuma akwai dalilai: damina tana zuwa da ruwa mai ƙarfi a ɗan lokaci, kamar yadda ambaliyar 2010 a Sakkwato da ta 2020 a fadamun shinkafa na Kebbi suka nuna, manyan itatuwan da ake dubawa kuma, waɗanda shamuwa ke sheƙa a kansu, gatari da gawayi suna cin su. Idan samari suka watsar da wannan ilimi da sunan camfi ko da sunan shirka, alhali hasashen hukuma bai kai ga kowace gona ba, za a sami manomi wanda ba shi da ko ɗaya, yana shuka da ruwan farko duk lokacin da ya zo. Idan kuma aka riƙe shi duka ba tantancewa, mai ƙarfi da mai rauni, za a ci gaba da asarar iri a kan 'ya'yan kanya.

Tantancewar kuwa ba ta buƙatar dukiya mai yawa. Ma'aunin ruwa gwangwani ne mai baki daidai da gindinsa, tare da ma'aunin tsawo, kuma kowace makarantar firamare ko Islamiyya a Tambuwal da Kebbe tana iya ajiye littafi guda, a rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa, da ranar da kukar bakin kasuwa ta yi ganye, da ranar da iska ta juya, da tauraron da ake ciki, da abin da rediyo ta faɗa, sa'an nan a gefe a rubuta ranar ruwan shuka da milimitocin kowane ruwa har zuwa Sarfa. A shafukan farko kuma a sa yara su rubuta abin da kakanninsu suka sani, da lafazinsu na Sakkwatanci, tun masu shekara saba'in da tamanin da suka yi noma kafin farin 1973 suna nan ana iya tambayarsu.